Bazazzagi, Riƙe Kuɗin Adashin Nan Tukuna

Bawana na Zazzau, ya hidimar bukukuwa? Ka gaishe mini da mutanen Tudun Wada da na Sabon Gari, ka ce ubangidansu na Kano yana sa musu albarka.

Labari ya iso mini cewa ka ɗauki adashi, ka haɗa da kuɗin ragon da ka kiwata, kana shirin shigowa birni ka sayi kyamara ful-firem. An ce tun ranar da kalmar nan ta shiga bakinka ba wanda ya huta. Mai shayi ya ji ta, direban da ya ɗauko ka daga Kwangila ya ji ta, har limamin unguwarku an ce ya tambaya ko wani sabon magani ne. An kuma ce Canon 600D ɗinka, wadda ta yi maka aure, ta biya maka haya, ta saya maka babur, yanzu kallon hadarin kaji kake yi mata. Na so in kira ka a waya, sai na tuna duk ranar da aka faɗa maka gaskiya sabis ɗinka ke ɗaukewa. Shi ya sa na kawo maganar nan shafi, inda akwai shaidu.

Bari in fara daga wurin da na san ba a koya maka ba. A cikin kyamara, bayan lensi, akwai ɗan faifan da haske ke sauka a kansa. Ita ce sensa, ita ta gaji fim. Ta ful-firem faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ta 600D ɗinka 22.3 ce da 14.9. Masu ƙaramar sensa na Nikon da Sony da Fujifilm sun ɗan ɗara taka, wajen 23.5 da 15.6. In ka buga lissafin, ko ka sami wani ɗalibi a Samaru ya buga maka, za ka ga babbar ta ninka taka sau biyu da rabi da 'yan kai. Iyakar abin da ake wa wannan hayaniya ke nan.

Ka ɗauka kana cikin soro kana kallon hawan sallah ta taga. Babbar taga za ta nuna maka mahayi da zagagensa da masu algaita da 'yan kallon da ke gefe. Ƙaramar taga kuwa mahayin kaɗai za ta ba ka da wuyan dokinsa. Dokin bai matso ba, gefe da gefe aka rufe maka. Irin taka ke nan, wadda kuke kira kurof. Don haka lensi mai milimita 50 a kan taka yana nuna abin da mai 80 zai nuna a kan babbar. Kowane lensi ka ɗauka ka ninka lambarsa da 1.6, in Nikon ce ko Sony da 1.5.

Awon nan na 36 da 24 da kake ganin kamar daga shi an rufe ƙofa, awon fim ɗin 35mm ne wanda kyamarar Leica ta yaɗa tun daga 1925, kuma a zamanin fim cikin ƙanana ake lissafa shi. Masu situdiyo da manyan fim suke aiki. Seydou Keita na Bamako, wanda hotunansa ke rataye a manyan gidajen fasaha na duniya, fim ɗinsa santimita 13 ne da 18, ya fi tafin hannunka, kuma a tsakar gidansa yake ɗauka da hasken rana da zani a rataye a baya. Yau ma Fujifilm na sayar da GFX mai sensa wajen 44 da 33. Ko da me ka zo an fi ka. Ai ka san garin da ake wa wannan kirari.

Ba zan zalunce ka ba, ko da yake babu alƙalin da zai kama Bakano a kan Bazazzagi. Babbar sensa tana da inda ta fi. Tana tara haske fiye da taka, saboda haka in kyamarorin sa'annin juna ne, tsaftar da taka za ta ba ka a ISO 3200, ita za ta ba ka kwatankwacinta a 6400 ko sama kaɗan. A zauren biki da dare wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana kuma ganin fili. Na taɓa ganinka a ɗakin amarya ranar jere, ka manna bayanka da bango, ƙafa ɗaya a kan bakin gado, gwaggon amarya tana ce maka sai ka haɗa da kabet da firji da labule duk a hoto ɗaya, kai kuwa milimita 18 ɗinka ya tsaya a kwatankwacin 29, ya ƙi buɗewa. Sannan tana narkar da bayan mutum ya yi dishi-dishi, abin da amaren yanzu ke mutuwar so. Waɗannan duk gaskiya ne, ban ƙara ban rage ba.

To amma mu koma dinar ƙanwata, wadda na yi maka alfarma na ba ka aikinta don kada a ce ba na taimakon na ƙasa da ni. Zauren an cika shi da fitilu masu launin shuɗi da shanshanbale, hayaƙi na tashi daga inji, ƙawaye sun kewaye amarya ana liƙi. Ina kallonka daga teburinmu. Ka tsaya can nesa kusa da masu raba abinci, ka zuƙo lensinka na 18-55 har ƙarshe, ka ɗaga 'yar filashar nan da ke kan kyamara kana ta ƙyafta ta. Da hotuna suka zo, amarya ta fito shuɗiya, fuskar ango duk tsaki-tsaki, hannun mai liƙi ya zama inuwa, farantin da ke gabanka ne kaɗai ya fito tangaran. Da na yi magana ka ce laifin sensa ne.

Zo mu yi lissafin 'yan Kwari. Lensin nan naka da ya zo tare da kyamara, in ka zuƙo shi zuwa 55, ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Akwai lensin Canon mai milimita 50, f/1.8, wanda sabonsa a Amurka an taɓa sayar da shi wajen dala 125, na hannu kuma ƙasa da haka. Hasken da f/1.8 ke shigarwa ya kusa ninka na f/5.6 sau goma. Sau goma, Malam. Babbar sensar da za ka zuba adashinka da ragonka a kanta sau biyu da rabi za ta ba ka. Ko lensin zuƙowa na Sigma ko Tamron mai 17-50, f/2.8, ka saya, a can ƙarshensa haske sau huɗu ka samu. Sigma ma tun 2013 ta fitar da 18-35 mai f/1.8 musamman don masu irin kyamararka. Matsalar ɗakin amarya kuwa, Canon na da 10-18 mai araha, wanda a kan taka zai buɗe maka kwatankwacin milimita 16, ka haɗa wa gwaggo har da silin.

Ban ma zo kan fitila ba. Filasha ta waje guda ɗaya, irin Godox ɗin nan da ta cika kasuwa, ka juya kanta sama ta daki silin haske ya sauko a hankali, ko ka ɗora ta a kan sanda da lema ka ba yaronka ya riƙe, za ta gyara launin fatar amarya fiye da kowace sensa da aka taɓa ƙerawa. Fitilar shuɗi in ta sauka a kan fuska, babbar sensa shuɗin za ta ɗauko maka, sai dai ta ɗauko shi da tsafta.

Yanzu ga ramin da ba a faɗa maka ba. Lensinka biyu, 18-55 da 55-250, duka an rubuta musu EF-S a jiki. Je ka duba, zan jira. An yi su ne don ƙaramar sensa, kuma ba sa ɗauruwa a kan ful-firem irin 5D ko 6D ko kaɗan. Ina hango ka a shago, ka biya kuɗi, ka zaro tsohon lensi daga jaka kana ta murɗawa yana ƙi, yaron shago ya juya baya yana dariya ƙasa-ƙasa, mai shago kuma ya riga ya buɗe durowar da manyan lensi suke. In kuwa marar madubi ka saya, irin R8, adafta za ta ba ka damar ɗaura su, amma kyamarar da kanta za ta yanke hoton ta koma amfani da tsakiyar sensa kawai, megafiksel 24 ɗinta su koma wajen 9. Taka ta yanzu 18 take ba ka. Ka sayar da rago, ka sauka daga 18 zuwa 9. A Kano wannan ciniki faɗuwa muke ce masa, ban san sunansa a Zariya ba.

Sai ka ce to a sayi lensin da ya dace. Madalla. A 2012 Canon ta fitar da 6D a kan dala 2,099, a shekarar kuma ta fitar da lensinta na 24-70, f/2.8, zubi na biyu, a kan dala 2,299. Gilashin ya fi kyamarar tsada. Farin nan dogo na 70-200, f/2.8, da kake gani a wuyan manyan masu hoto kana haɗiyar yawu, shi ma a wannan layin kuɗinsa yake, nauyinsa kuma wajen kilo ɗaya da rabi. Kaya ne na dala, kai kuwa da naira ake biyanka, rabi kafin biki, rabi sai ka yi ta sintiri. Ka tuna dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. In ka shigo gari ka fara biyawa ta Wapa ka gaisa da 'yan canji kafin ka nufi shago, zuciyarka za ta ɗan sauko.

Na san inda za ka ƙare. Kuɗi za su gaza, ka ɗauki 24-105 mai f/4 na hannu. Lensi ne mai kyau, ban kushe shi ba. Sai dai f/4 a kan babbar sensa, ta fuskar tara haske da narkar da baya, kwatankwacin f/2.5 ne a kan taka. Wato ka kwashe duk abin da ka tara, ka isa daidai inda lensin Tamron ɗin can mai f/2.8 zai kusan kai ka da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, ɗan Zazzau.

Ga kuma hawan sallah, wanda kake cika baki da shi duk shekara. A nan ƙaramar taga riba ce. Dogarai ba za su bar ka ka matsa ba, in ma sun bar ka dawakai ba za su bar ka ba. Lensinka na 250 a kan 600D yana cika maka hoto kamar mai 400 a kan ful-firem, har ka ga ɗinkin alkyabba da ƙurar da kofato ke tayarwa. Ranar da ka koma babbar sensa, sai ka nemi lensin 400 na gaske, da kuɗinsa da nauyinsa. Kamfanonin nan ba mahaukata ba ne da suka ƙera wa ƙwararrun masu ɗaukar wasanni da namun daji kyamarori masu ƙaramar sensa: Canon 7D Mark II a 2014, Nikon D500 a 2016, kowacce tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa ɗaya. 7D ɗin tana da ɗigon saiti 65, 6D da kake mafarki 11 gare ta. In ana sukuwar jafi, ka gaya mini wacce za ta kama maka idon doki. Kuma in ka gama gwaji a naku, ka zo ka ga hawan da UNESCO ta sa a kundinta na al'adun duniya a 2024. Ba sai na faɗi na wane gari ba ne.

Dishi-dishin bayan nan ma da kake kwaɗayi, wuƙa ce mai kaifi biyu. A hoton amarya ita kaɗai yana da kyau. A ƙofar masallaci bayan ɗaurin aure, inda mutum talatin za su jeru sahu uku, kowa da babbar riga, ka buɗe lensi a f/1.8 a kan babbar sensa, waliyyin ango zai fito, baffan amarya da ke bayansa ya zama hazo. Shi kuwa baffan nan shi ne zai cika maka ragowar kuɗinka. Dole ka tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, ribar hasken da ka saya da tsada ta tafi.

Su wa ma ke kallon hotunan? Uwar amarya a WhatsApp za ta gani, bayan manhajar ta matse shi ta tsotse rabin ransa. Ƙawaye a Instagram za su ɗora, inda aka daɗe ana mayar da faɗin hoto fiksel 1,080. Wanda za a wanke a sa a firem, mai inci 8 da 10, megafiksel 7 da ɗoriya sun ishe shi ya fito tas. Tun da kake aikin nan, wace amarya ce ta taɓa tambayarka milimita nawa ce sensarka? Abin da suke cewa ka sani: ka ƙara mini haske, ka rage mini kumatu, kada ka ɗora wanda na rufe ido, yaushe za ka turo. Wannan ta ƙarshen ita ce ciwonka, don hotunan dinar nan sai da amarya ta fara laulayi suka iso. Babu sensar da ke maganin wannan.

Ni na san abin da ke cinka, kuma ba haske ba ne. Wani biki ka je, dangin ango suka ɗauko mai hoto daga Abuja, ya shigo da kyamara biyu a kafaɗa, yara biyu na binsa da jakunkuna, masu tsaron ƙofa suka buɗe masa hanya, kai kuma aka tambaye ka katin gayyata. Abin da ciwo, ban musa ba, kuma gaskiya ne akwai masu biki da girman kaya suke auna mai hoto. To ga abin dariya. R8 da batirinta giram 461 ce, 600D ɗinka 570. Ka kashe miliyoyi ka shigo zaure da kyamarar da ta fi tsohuwar ƙanƙanta, mai tsaron ƙofa ya ɗauka karayar arziki ce ta same ka. In kwarjini kake nema, ka sayi mariƙin batir ka ɗaura a ƙasa, ka sa wa lensi hularsa, ka ɗinka riga mai aljihu da yawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai abin da ya fi girman sensa muhimmanci ga mai ɗaukar biki, ban taɓa jin ka ambace shi ba: ramin memori biyu. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Memori ya lalace, ba ka da abin da za ka faɗa wa mutane, sai dai ka bar gari. Kyamara mai rami biyu tana rubuta kowane hoto a wuri biyu lokaci guda. Dubi R7 ta 2022 da R8 ta 2023, kowacce da dala 1,499 ta fito. R7 ƙaramar sensa gare ta, amma ramin memori biyu, babban batir, da na'urar hana rawar hannu a cikinta. R8 babbar sensa gare ta, rami ɗaya, ƙaramin batir, ba ta da waccan na'ura. 6D ma rami ɗaya ne. A tsofaffin, 5D Mark III ce mai biyu, a ɓangaren Nikon kuma D750.

In kuma ta hannu za ka saya, ka buɗe ido, kada a yi maka sayen kifi a ruwa. 5D iri-iri ce. Ta farko ta 2005 ful-firem ce ta gaske, amma megafiksel 12.8 gare ta, ba ta ɗaukar bidiyo, ISO ɗinta a 1600 yake tsayawa sai an matsa masa ya kai 3200. Mai shago zai rantse maka ful-firem ce, kuma bai yi ƙarya ba. Ka sa a duba maka adadin hotunan da kyamara ta ɗauka, don makunnin 5D Mark III an auna shi ne a kan 150,000, kuma wadda ta yi shekaru tana bin bukukuwa a Landan ba mamaki ta ci rabi ko fiye. Ka haska tocila cikin lensi ka duba fumfuna. Ka ɗauki farin bango a f/16 ka ga ɗigon ƙura, don namu hunturun ma zai ƙara mata nasa duk sanda ka cire lensi a fili.

Ban ce 600D ba ta tsufa ba. Kyamarar 2011 ce, saitinta na da nawa, ta cancanci hutu. Wanda yawancin aikinsa zauren dare ne, kuma kuɗinsa sun isa kyamara da lensi biyu masu kyau da fitila a tashi ɗaya, ya sayi ful-firem, zai ga amfaninta tun daren farko. Kai kuwa na san adashinku, na san mai karɓa, na kuma ga ragon.

Saboda haka ga hukuncin ubangidanka. Bana ka sayi 50 mai f/1.8, da 17-50 mai f/2.8, da filasha biyu da sanda da lema, da memori na gaske. Ka koyi juya haske, ka riƙa tura wa mutane hotunansu kafin a yi suna. In kuɗi sun ragu, ka canza jikin da 7D Mark II mai tsafta, ko ka jira baɗi ka ɗauki R7 da adafta, duk lensinka su bi ka. Lensin 50 ɗin kuwa ko ka koma babbar sensa wata rana, da shi za ka tafi.

In kuma ka ƙi ji, kamar yadda kuka saba, to ka biyo ta gidana kafin ka shiga shago in raka ka, don kada a ji hausarka a ƙara maka kuɗi. Ka taho da 600D da lensinta biyu, tunda ba sauran amfanin da za su yi maka. Zan karɓe su a madadin kuɗin sharar da kake ta ɓoye mini, sauran bashin kuma ka cika kafin watan Cika-ciki ya kama.